Daga Turawa Zuwa Maraɗi

A watan Agusta na 2024 zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke mana 'yarmu ta fari, tana da shekara 9. Muka binne ta a Turawa, cikin ƙasar Karaye. Masu bi daga Karaye da Rogo suka zo gaisuwa, maƙwabtanmu Musulmi kuma suka zauna tare da mu. Kowa ya ce, "Sai haƙuri." Amma tun daga ran nan uwargida ta daina magana sai da dalili. Ƙaramin ɗanmu yakan zo ya tsaya gabanta, ba ta ko ɗaga kai.

Bayan girbi sai yayarta, wadda take aure kusa da Tsibiri a ƙasar Nijar, ta aiko ta ce mu zo. Cikin Disamba muka tashi da asuba, muka bi ta Gwarzo da Dayi da Kankiya har Katsina. Daga Jibiya muka ƙetare iyaka, muka shiga Ɗan Isa. Kuɗi ya zama sefa, allunan hanya suka koma Faransanci, amma gaisuwa da fura duk irin na gida ne. Ba abin mamaki ba ne, gama sarakunan Katsina na dā ne suka kafa mulkinsu a Maraɗi bayan jihadi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne itatuwa. Na zaci zan ga fili fetal, sai ga gonakin gero cike da gawo da kalgo da sabara. Gawo kuwa kore shar, domin shi da damina yake kaɗe ganye, da rani ya tofo.

Kashegari mijin yayarta ya kai mu gonarsa. Ya nuna mana wani kututture, ya ce, "Ƙanena, dā mukan sare irin wannan kowace shekara, mu ƙone." Ya ba mu labarin Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ma'aikacin SIM a Maraɗi. Ya yi ta dashen itatuwa suna mutuwa, sai a 1983 ya lura ashe saiwoyin itatuwan da aka sare suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ita ce a zaɓi tofo kaɗan masu ƙarfi, a rage sauran, a tsare su daga dabbobi da wuta. Suna kiranta sassaben zamani. Ta haka manoman Nijar suka rayar da itatuwa wajen miliyan 200.

Uwargida ta durƙusa, ta shafa wurin saran. Ta ce, "Amma tabon yana nan."

Ya ce, "Yana nan, ƙanwata. Ba ya ɓacewa. A gefensa tofon yake fita."

Da dare, bayan mun karanta Ayuba sura 14 mun yi addu'a, yayar ba ta ce mata ta yi haƙuri ba. Sai ta ce, "Ba ni labarinta." Ku da kuka san al'adarmu kun san uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, saboda kunya. Shekara 9 ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. A daren nan ta kira shi, har sau uku, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ran jana'iza. Muka bar ta ta yi.

Kwana 12 muka yi. Ba zan ce mun baro baƙin cikinmu a Nijar ba, tare muka komo da shi. Amma a mota, kafin mu kai Jibiya, na ga ta jawo ɗanmu ta ɗora shi a cinya, tana ɓare masa gyaɗa.

'Yan'uwa, in akwai wanda ya yi rashi a cikin danginku, ku kira shi gidanku. Kada ku gaggauta share masa hawaye. Ku tambaye shi labarin wanda ya rasa, sa'an nan ku saurara.