Sallama a Makabartar Arlington

A garinmu ba a zuwa makabarta yawon buɗe ido. Ko dai a je da makara a kafaɗa, ko a je ziyara da safiyar Juma'a, a yi wa mazauna wurin sallama, a yi addu'a, a juyo. Saboda haka da masu shirya taron da ya kai ni birnin Washinton suka sanya zagayen makabartar sojoji ta Arlington cikin jadawali, sai da na yi ta juya abin a raina kafin in ba da sunana. Son sani ne ya rinjaye ni: a kan marsiyya na yi bincikena na digiri na biyu, ina kuma son ganin yadda mutanen da suka dogara ga dutse, ba ga waƙa ba, suke adana mamatansu.

Makabartar tana tsallaken kogin Potomac, a jihar Virginia, kuma an binne mutane fiye da 400,000 a cikinta. Fararen duwatsu ne jere sahu-sahu, suna hawa tudu suna gangarowa har inda ido ya gaza. A bakin ƙofa na yi sallama a ɓoye, ban ma tsaya tunanin wa nake yi wa ba.

Jagoranmu, wani dattijo tsohon soja, da tarihin filin ya fara. Gandu ne na iyalin matar Janar Robert E. Lee, kwamandan 'yan tawayen Kudu, bayi ne kuma suke noma shi. Gwamnati ta karɓe shi a lokacin yaƙin basasa, aka fara binne sojoji a 1864. Cikin waɗanda suka haƙa kaburburan farko akwai James Parks, wanda aka haifa bawa a wannan gandu, aka kuma binne shi a nan bayan rasuwarsa a 1929. A sashe na 27 muka ga kaburburan 'yantattun bayi fiye da 3,800. A kan duwatsu da dama, inda ake rubuta muƙamin soja, kalma ɗaya aka sassaƙa mai ma'anar “ɗan ƙasa”. Mai nazarin kirari ya san nauyin kalma guda idan ta zauna a mazauninta. Wannan kuwa kirari ne da aka yi wa mutane bayan sun daina ji.

Kabarin sojan da ba a san ko wane ne ba, wanda aka kafa a 1921, shi ne inda jama'a suka fi cincirindo. Mai gadi yana taku 21, ya tsaya daƙiƙa 21, ya juyo. Kowa ya ɗaga wayarsa yana ɗauka, har da ni, duk da jan ƙafar da na yi da farko.

A sashe na 60 ne tafiyar ta sauya. Nan ake binne waɗanda suka mutu a Iraƙi da Afganistan, mamatan da iyayensu ke raye. Jagora ya sassauta murya, ya roƙe mu mu mayar da wayoyi aljihu, domin can gefe wata mata na zaune a kan ciyawa, ta jingina da wani dutse. Ina tafe ina karanta shekarun haihuwa, sai idona ya faɗa kan jinjirin wata da tauraro a saman wani dutse, a tsakiyar masu alamar gicciye. Kyaftin Humayun Khan ne, wanda ya rasu ranar 8 ga Yuni, 2004, a kusa da Baƙuba, yana da shekara 27. Jagora ya ce ya umarci sojojinsa su ja da baya, shi kuma ya tunkari wata mota da bai yarda da ita ba, sai ta tarwatse.

A 2003 ina yaro ɗan sakandare na bi sahun masu zanga-zangar la'antar wannan yaƙi bayan sallar Juma'a, kuma har yau ban sauya ra'ayi a kansa ba. 'Yan Iraƙin da suka mutu ba su da sahun fararen duwatsu, ba su da mai gadi mai ƙirga taku. Na tsaya gaban kabarin ina jin kamar addu'ata za ta zama amincewa da abin da na ƙi. Sai na tuna da wani abu da na rubuta da hannuna a babi na uku na kundina, cewa mai marsiyya ba alƙali ba ne, yakan roƙa wa mamaci gafara ya bar hisabi ga Mai shi. Na rubuta shi cikin sauƙi a ɗakin karatu, a kan malamai da sarakunan da ba ni da wata jayayya da su. Ban taɓa gwada shi a kan wanda ya tsaya a ɗaya ɓangaren ba.

Na ɗaga hannu na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku, na roƙa masa rahama, na haɗa da waɗanda suka mutu a Baƙuba a ranar, ko su wane ne. Da na shafa, ayarin ya yi nisa, amma jagora yana tsaye a bakin hanya yana jirana, hularsa a hannu.

“Ka san shi ne?” ya tambaye ni.

Na ce a'a. Ya gyaɗa kai, muka bi bayan sauran.