Mako Guda Kan Ƙirjin Wani Matashi

Litinin

An turo mana yaro ɗan shekara 15, wanda in ka gan shi sai ka ce bai wuce 11 ba. Da ƙwayar HIV aka haife shi, amma ba a gano ba sai da ya kai shekara 9, bayan rasuwar mahaifiyarsa. Tun daga lokacin yake shan magani, kuma gwajin jini ya nuna ƙwayar ta kwanta. Tarin ne ya ƙi kwanciya. Goggonsa ta zo da leda cike da tsofaffin hotunan ƙirji, ta ce, "Likita, sau biyu yana shan maganin tarin fuka, wata shida-shida, ko fashin kwana ɗaya bai yi ba. Amma da ya ɗan yi sauri sai haki." Na duba takardun: duk gwajin kaki na GeneXpert da aka yi masa bai nuna tarin fuka ba. Kan yatsunsa ya kumbura, farata sun lanƙwashe.

Hoton yau bai ce komai sosai ba. 'Yan zobba da layuka bibbiyu a ƙasan huhu, alamar bangon hanyoyin iska ya yi kauri. Irin hoton da likitan da layi ya yi wa yawa zai kalla ya rubuta maganin tarin fuka karo na uku.

Talata

Gwajin busa. Ya cika ƙirji ya huro cikin na'ura iya ƙarfinsa, iskar da ta fita a daƙiƙar farko ta yi ƙasa ƙwarai da abin da ake sa rai ga mai tsawonsa. Aka shaƙa masa salbutamol, aka jira, aka maimaita. Bai motsa ba. Da asma ce, da an ga hanya ta buɗe.

Laraba

Na tura shi hoton CT, amma na'urar ba ta tashi ba, wai matsalar wuta. Goggo ta biya kuɗin mota a banza.

Alhamis

Yau aka yi. Kafin ya hau gadon na ɓata lokaci ina koya masa numfashi, domin hoto biyu nake so: ɗaya ya ja iska ya riƙe, ɗaya ya fitar da ita duka ya riƙe. Na biyun nan shi ake yawan tsallakewa, alhali a cikinsa maganar take. Ƙananan hanyoyin iska faɗinsu bai kai milimita 2 ba. Hoton ƙirji ba ya ganin su, ita ma CT, da take yanka huhu siriri kamar milimita 1, ba ta nuna su kai tsaye. Abin da suka haddasa ake karantawa.

Huhunsa ya fito dabbare-dabbare kamar fatar akuya, nan baƙi, nan toka-toka. Ido yakan ruga wajen tokar ya ce ciwon ke nan, amma baƙin ne mara lafiya. A can hanyoyin sun yi tabo sun tsuke, iska ta shiga ta maƙale, jini ya kaurace wa wurin, shi ya sa jijiyoyinsa suka sirance. Da ya fitar da numfashi, sashe mai lafiya ya motse ya ƙara haske, mara lafiya ya tsaya baƙi yadda yake. A ƙasan huhun biyu kuma manyan hanyoyin sun buɗe fiye da kima, suna tara majina. Babu kogo, babu alamar tarin fuka mai ci.

Juma'a

Na kai wa malaminmu hotunan. Ya ce a zamaninsu yaro mai HIV da tari, in ba tarin fuka ba ne, to cutar LIP ce, wadda ke cika huhu da ƙananan ɗigo. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan sun girma, abin ya canja." A 2012, Rashida Ferrand da abokan aikinta sun wallafa binciken da suka yi a Harare ta Zimbabwe kan matasa 116 da aka haifa da ƙwayar amma aka makara wajen gano ta. Cikin waɗanda aka yi wa CT, fiye da rabi irin wannan hoton aka gani. Ya gyaɗa kai, sannan ya tambayi abin da ya fi muhimmanci: to me za a ba shi?

Tabo ba ya gogewa, maganin HIV ma ba ya mayar da shi. Gwajin BREATHE a Zimbabwe da Malawi, wanda aka wallafa a 2020, ya haɗa yara da matasa 347. Wasu sun sha azithromycin sau ɗaya a mako har mako 48. Ƙarfin busa bai ƙaru ba, amma tashin ciwon ƙirji ya ragu da kusan rabi. Ribarsa ke nan, kuɗinsa kuwa ƙwayoyin cuta su saba da maganin. A ganina ga yaron da ke kwanciya asibiti duk hunturu, cinikin ya yi, bayan an auna bugun zuciyarsa.

Litinin

Na zaunar da yaron da goggonsa. Goggo ta ce, "Wato ba fukar ba ce?" Na ce, "Ba ita ba ce, Hajiya, kuma ba ya sa wa kowa wannan tarin." Ashe kwanonsa daban ne a gida tun bara. Yaron bai ce uffan ba sai da aka zo nan, ya tambaya ko zai iya buga ƙwallo. Na ce ya buga, in haki ya zo ya huta. Na tura shi a koya masa fitar da majina, a duba zuciyarsa, na ce a raba shi da hayaƙin murhu da na maganin sauro. CT kuma ba za a maimaita ba sai da dalili, domin haskenta ya ninka na hoton ƙirji sau da yawa, shi kuwa yana kan girma.

Ga 'yan'uwana da ke duba irin waɗannan matasa a ƙananan asibitoci: in tari ya daɗe, kaki bai nuna komai ba, magani ya ƙare bai warke ba, kada a sake buɗe masa katin tarin fuka kan hoton ƙirji kaɗai. A tura shi gwajin busa.