Baturiyar Yola da zauren gidanmu a Dogon Dawa

Ina da shekara bakwai aka kai hari wani masallaci a garinmu, Dogon Dawa, a watan Oktoba na 2012. Da asuba ne, kuma an kashe kimanin mutum ashirin. Abin da na riƙe daga ranar kaɗan ne: Inna ta tura ni da ƙanena ƙarƙashin gado, kokon da ta dama ya huce ba wanda ya taɓa shi, kuma mun daɗe ba mu leƙa aji ba. Tun daga nan na gane cewa a wajenmu buɗe makaranta da rufe ta ya danganta ne da labarin da ya fito daga daji.

Na fara da wannan ne, ƙannena, don ku fahimci abin da ya sa tarihin wata Ba'amurkiya da ban taɓa gani ba ya tsaya mini a rai. Yanzu ina aji biyu a jami'a a Zariya, ina karatun koyarwa. A zangon da ya wuce malaminmu ya ba mu aiki: kowa ya zaɓi shugaban wata jami'a ya rubuta tarihinsa, ya kuma faɗi abin da ya tsinana wa garin da jami'ar take. Ba a yarda mutum biyu su ɗauki suna ɗaya ba. Kafin in farga an ɗauke Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, an ɗauke Farfesa Iya Abubakar da ya gaje shi. Ina cikin lalube a waya, rai a ɓace, na ci karo da sunan Margee Ensign.

Malamar jami'a ce. Ta yi digirin digirgir a Jami'ar Maryland, ta kuma riƙe tsangayar nazarin harkokin ƙasashen duniya a Jami'ar Pacific da ke jihar Kalifoniya. Ta daɗe tana bincike a kan Ruwanda, ƙasar da aka yi kisan ƙare dangi a 1994, har ta rubuta littafi a kanta tare da wani abokin aikinta. A 2010 ta zo Yola a matsayin shugabar Jami'ar Amurka ta Nijeriya, wadda aka fi sani da AUN, jami'ar kuɗi da Alhaji Atiku Abubakar ya kafa a jiharsa ta Adamawa.

Gaskiya da na kai nan sai na taɓe baki. Jami'ar 'ya'yan manya ce, kuɗin shekara ɗaya a can ya fi abin da Baba yake samu a gonarsa ta masara cikin shekaru masu yawa. Na ce a raina, me ya haɗa ni da wannan? Amma aiki ya zama dole, sai na ci gaba da karantawa.

A watan Janairun 2012, lokacin da ƙasa ta rikice da zanga-zangar janye tallafin man fetur, ga kuma hare-haren Boko Haram, ta zauna da limamai da shugabannin coci da 'yan kasuwa da sauran manyan Yola, suka kafa wata ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa. Tunaninsu mai sauƙi ne. Limami ya san yaran unguwarsu da ba su zuwa makaranta, fasto ma haka. Su za su nuna yaran da ke cikin haɗarin faɗawa hannun masu ɗauke da makami, jami'a kuma ta kawo abin da take da shi: malamai, ɗalibai, kwamfuta, filin ƙwallo. A jami'ar wajibi ne ɗalibi ya fita cikin gari ya yi aikin taimakon al'umma. Ba alfarma ba ce, cikin karatunsa yake.

Sai shekarar 2014 ta zo. Ranar 14 ga Afrilu aka sace ɗalibai mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok a jihar Borno. Su 57 sun tsere tun da farko, wasu ta hanyar dirowa daga mota tana tafiya. Ɗaya daga cikinsu ƙanwar wata mai gadi ce a jami'ar. Mai gadin nan ta je wurin shugabar ta nemi a taimaki ƙanwarta da sauran 'yan matan su koma karatu. Wannan wurin na fi maimaita karantawa. Mai gadi fa, wadda aikinta buɗe ƙofa da duba jaka, ita ce ta fara maganar. Shugabar ta saurare ta, ta nemi kuɗin tallafi, ta kuma shiga mota da kanta ta nufi yankin da ake yaƙi ta ɗauko wasu daga cikinsu. A shekarar 'yan mata 21 suka shiga jami'ar, aka buɗe musu ajin share fage, domin da yawansu karatun da suka zo da shi bai kai na shiga jami'a ba. A 2017 an ƙara kai sama da ɗari daga cikin waɗanda aka sako.

A ƙarshen Oktoban 2014 Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, tazararta da Yola kuwa kimanin kilomita ɗari biyu ce. Mutane suka kwararo Yola, wasu a mota, wasu a ƙafa. Ba ta rufe jami'ar ba, ba ta kuma hau jirgi ta koma gida ba, alhali ba wanda zai zarge ta da ta yi hakan. Jami'ar da ƙungiyar zaman lafiya suka shiga rabon abinci, ta hannun masallatai da coci-coci, ciki har da babbar cocin Katolika ta Yola ƙarƙashin Bishop Stephen Mamza. Waɗanda suka ci moriyar rabon sun kusa dubu ɗari uku. Bayan haka suka ɓullo da shirin da ake ba almajirai da yaran titi abinci sau ɗaya a rana a kuma koya musu karatu da lissafi, da wani shirin koyarwa ta rediyo da ya kai ga yara sama da dubu ashirin.

Ta bar Yola a 2017 ta zama shugabar Kwalejin Dickinson a jihar Pennsylvania. A 2021 ta dawo AUN, a 2022 ta tafi wata jami'a a Nairobi, a 2023 kuma ta karɓi shugabancin Jami'ar Amurka da ke Bulgeriya.

Ban so in mayar da ita waliyiya, kuma haka na rubuta wa malaminmu. Yawancin 'yan gudun hijirar ba a sansani suka zauna ba, gidajen talakawan Yola ne suka ɗauke su, gidan mutum goma ya koma na mutum talatin. Waɗannan ba wanda ya san sunansu, ba a gayyace su Amurka su yi jawabi ba. Jaridun Turai sun fi son labarin da Baturiya take tsakiyarsa, wannan kuma ba sabon abu ba ne. Sannan tana da abin da malamin firamare na ƙauye ba shi da shi: masu gadi, motoci, da lambar wayar masu kuɗi. Duk da haka, mutane nawa ne suke da waɗannan abubuwan amma suka ƙara tsawon katangarsu?

Abin da ya fi damuna shi ne kwatanta labarin da namu. A 2021 ina aji biyar na sakandare. A watan Maris aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka, a watan Yuli aka kwashe na makarantar Bethel, daga baya aka katse layukan waya a yankinmu, aka hana hawa babur, aka dakatar da kasuwannin mako. Baba ya kira ni zaure ya ce, "Ke, karatun nan ya isa haka." Inna ce ta yi ta lallashinsa har ya yarda a kai ni wurin Gwaggo a Tudun Wadan Zariya. Ƙawata da muke zama benci ɗaya, wadda ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba, ba ta da gwaggo a Zariya. Bayan wata biyar aka ɗaura mata aure. Bambancina da ita ke nan, ba wani ƙoƙari ko hazaƙa ba.

Da na gama aikin na miƙa, malam ya ba ni maki mai kyau, ya rubuta tambaya ɗaya da jan biro a ƙasan takardar: ke kuma fa? Na ji haushi. Ni da ko kuɗin kwafin takardu sai na jira Baba ya sayar da buhu?

Tun bayan sulhun da aka yi a ƙarshen 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, hanya ta ɗan samu, ko da yake har yanzu in mota ta shiga daji kowa shiru yake yi. Da aka ba da dogon hutu na koma gida. Na lura ƙanwata da ke aji huɗu na firamare ba ta iya karanta rubutun da ke jikin gwangwanin madara. Ba daƙiƙiya ba ce. Shekarun da ya kamata ta koyi baƙaƙe a gida ta yi su.

Na roƙi Baba ya ba ni aron zaure bayan la'asar. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in fara zuwa in gaida Liman in faɗa masa. Sai na tuna da limaman Yola, na yi dariya a raina, don Baba bai taɓa jin labarinsu ba. Liman ya sanar a masallaci. Ranar farko yara tara suka zo, ranar Asabar sun kai ashirin da shida, har da almajirai uku da suka tsaya a bakin ƙofa da robobinsu. Allona murfin tsohuwar ƙofa ne da muka shafa wa baƙin fenti. Ba ni da abincin da zan raba, sai dai Inna takan soya gyaɗa ranar da ta samu, kuma na lura ranar gyaɗa ba a fashi.

Ban iya aikin sosai ba. Na fara da haruffan Turanci, mako guda ba mu motsa ba. Da na koma Hausa, ba, bi, bu, sai ga yaro yana haɗa "baba" da "babu" da kansa yana ihu. Wannan a aji an faɗa mana, cewa yaro ya fi saurin koyon karatu da harshen da yake ji a gida, amma sai a zaure na yarda.

A mako na huɗu ƙawata ta shigo da goyo a baya. Ta ce mijinta ya bar ta ta zo kallo. Ta zauna can baya, ba ta ce komai ba, har na rubuta wani lissafin rabawa na yi kuskure a ciki. Ta ce, "Ba haka ba ne," ta taso ta karɓi allin. Daga ranar ita take koyar da lissafi.

Hutu ya ƙare, na dawo Zariya. Yanzu ita ce da zauren, Talata da Alhamis da Asabar, in mijinta yana gari ya amince. Makon jiya ta kira ni da wayar ƙaninta ta ce alli ya ƙare, kuma yara sun ragu zuwa sha huɗu saboda an fara girbi. Na saya mata kwali biyu a kasuwar Samaru, ina jiran direban da zai bi ta Dogon Dawa ranar Juma'a.