Jirgin Kwal a Gonakin Amish

A gundumar Lancaster ta jihar Pennsylvania da ke Amurka akwai wani layin dogo da tsawonsa bai wuce kilomita 7 ba, daga garin Strasburg zuwa wani ƙauye da ake kira Paradise. Tun 1832 aka ba kamfanin izinin aiki, kuma har yau jirgin da ke ƙona kwal ne yake jan fasinjojinsa. Wasu ranakun akan haɗa taragon kaya da na mutane a jirgi ɗaya, irinsa kuwa na dace da shi.

Taragun kayan suna gaba, mu muna baya a na katako, masu murhun ɗumama ɗaki a lungu. Kan jirgin da ya ja mu, mai lamba 90, kamfanin Baldwin ne ya ƙera shi a 1924. Ya shekara fiye da arba'in a jihar Colorado yana jigilar amfanin gona zuwa masana'antun sukari kafin a kawo shi nan a 1967. Kafin mu tashi na tsaya daf da shi. Direba na zagayawa da butar mai yana ɗiga wa gaɓoɓin ƙarfe, mai zuba kwal kuwa, fuska duk baƙi, yana cilla shebur bayan shebur cikin wuta. Zafin har inda nake yake dukan mutum.

Da baya-baya kan jirgin ya fita da mu, don babu wurin juya shi a ƙarshen layin. Tafiyar ba sauri. Kowane tashi sai ka ji taragun sun fizgi juna ɗaya bayan ɗaya, kamar ayarin raƙuma in madugu ya miƙe. Wanda ya leƙa taga kuma ya sha burbushin kwal a ido, ba ruwan jirgi.

Hagu da dama gonakin Amish ne, wasu Kiristoci masu asali daga Siwizalan da Jamus waɗanda ba sa tuƙa mota, ba sa jawo wutar lantarki gida. Masara, taba, shanu, wanki a kan igiya. Wani manomi mai hular kaba yana bin alfadarai a gona, ko ɗaga kai bai yi ba. A mahaɗar hanya keken doki ya tsaya har muka wuce, dokin ma ya saba da jiniya.

A Paradise ne na gane amfanin layin. Nan ya haɗu da babban dogon Filadelfiya zuwa Harrisburg, inda jiragen Amtrak masu lantarki suke wucewa a guje. Aka kwance taragun kaya aka tura su gefe, inda jirgin kamfanin Norfolk Southern zai zo ya kwashe. Mu fasinjoji muka zauna jira, don a irin wannan jirgi sai an sallami kaya ake tuna mutane. Sannan kan jirgin ya zagayo ta layin gefe, ya kama ɗaya ƙarshen.

A 1957 ruwan sama ya lalata layin na Strasburg, masu shi suka nemi rufe shi. Wasu masu sha'awar jiragen ƙasa suka haɗa kuɗi suka saye a 1958. A 1957 ɗin nan ne kuma aka rufe ƙaramin layin dogon da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos, mai ɗaukar kuza da mutane. Namu bai samu mai saye ba.

Masu yawon buɗe ido su ne mafi yawan cinikin Strasburg, ba shakka. Amma kamfanin bai zauna jiran kuɗin tikiti kawai ba: yana dakon kaya, yana kuma gyara wa wasu kamfanoni tsofaffin jirage a garejinsa. Idan ka je, ka tambayi ranar da ake haɗa kaya da fasinja, ka kuma guji farin kaya.