Jar fitilar nan mai kama da buta

Mun ɗan wuce Kwanar Ɗangora, ni da iyali za mu Zariya biki, sai jar fitilar nan mai kama da buta ta kama a gabana. Na gangara gefen titi, na buɗe bonet, na zaro sandar auna baƙin mai. Mai na nan har layin sama. Na ce a raina ai sensa ce, kamar yadda na sha ji ana faɗa a gareji. Na tayar muka ci gaba. Ba mu kai Tashar Yari ba na fara jin ƙwas-ƙwas daga can ƙasan inji, ina taka totur tana ƙaruwa. A nan motar ta kwana, washegari aka jawo ta Kano.

Jama'a, abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne mu da yawa mun ɗauka fitilar nan yawan mai take nunawa. Ƙarfin tura man take nunawa. Baƙin mai yana kwance ne a kwanon da ke ƙasan inji. Famfo ke zuƙo shi ta wani bututu mai rariya a baki, ya tura shi ta filta, ya bi ƙananan hanyoyi har karanshaf da kamshaf. Tsakanin karanshaf da metal ɗinsa akwai 'yar tazara da ba ta kai kaurin gashin kai ba, wajen 0.03 zuwa 0.05 na milimita. Man da famfo ke cusawa nan shi ke hana ƙarfe taɓa ƙarfe, alhali karanshaf na juyawa kusan sau 3,000 a minti ɗaya in kana kan babban titi. Famfo na sakin aiki, ƙarfe zai hau ɗan'uwansa. Kuma a motoci da yawa fitilar ba ta kamawa sai ƙarfin man ya kusa ƙarewa gaba ɗaya. Ko kwano na cike taf, inji na iya mutuwa da ƙishi.

Bakaniken da na kai wa dattijo ne marar yawan magana. Da ya kwance kwanon sai ya kira ni, ya ce, "Alhaji, zo ka gani da idonka." Rariyar ta toshe da wata baƙar dauɗa kamar kwalta, ga guntayen gam ɗin silikon sun maƙale a jikinta kamar tsutsotsi. Wani ne can baya ya lafta gam fiye da kima da ya rufe kwanon, abin da ya matse ta ciki ya gutsuttsure ya faɗa cikin mai. Famfo ya daɗe yana zuƙa da ƙyar, haƙoransa suka cinye. Dattijon ya dangwali man ya ɗaga yatsa a rana, sai ƙyalli yake kamar an barbaɗa garin tagulla. Wannan ƙyallin metal ɗina ne da ya niƙe. Ɗaya daga cikinsu ma ya juya a mazauninsa, wurin da yake zama a karanshaf ya yi shuɗi don zafi, in ka ja farce a kai sai ka ji yana sarƙewa.

Shawara kuwa na sha ta. Wasu suka ce in sayi injin Beljiyam in huta. Wasu suka ce a sa sabon famfo da metal ta ƙasa kawai, ba sai an sauke inji ba, kwana ɗaya an gama. Dattijon ya ce ta biyun ba da hannunsa ba. Injin Beljiyam kuma, duk da yakan yi wa wasu kyau, sayen abin da ba ka ga cikinsa ba ne. Na ce a sauke nawa.

An kai karanshaf wurin masu yanka, aka rage 0.25 na milimita, abin da suke kira ten, muka je Ƙofar Ruwa muka nemo metal daidai da wannan awon, da sabon famfo, da konrod guda. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wankin. Yini biyu cur yaransa na kan bulok da kananzir da buroshi, suna hura iska a kowace kafa, shi kuma yana bi yana leƙawa da tocila. Na ƙosa, na ce, "Baba, ba a gama ba?" Ya ce ƙwayar ƙarfe ɗaya in ta ɓuya a hanyar mai, ita za ta ci sabon metal ɗin, kuɗina su tafi a banza. Da aka zo haɗawa, kowane noti da sifanar awo ya ɗaure shi, ba da ƙarfin damtse ba. Ya shafe kowane metal da mai, ya cika famfon da mai kafin ya ɗaura. Sannan ya cire fulogogi, ya ɗaura geji a mazaunin sensa, ya yi ta ba motar ki har allurar ta ɗaga. Sai a lokacin ya yarda a tayar da ita. Na ji inji ya kama lafiya lau ba ƙara, wallahi sai da idona ya ciko.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya har yau shi ne motocin haya nawa na shiga na ga fitilar nan a kunne, ko an liƙe ta da salatif, ko an tsinke wayarta don kada ta dami direba. Haka ne, wani lokaci sensar ce ke lalacewa. To amma gwadawa da geji ba ta cin rabin awa, kuma kafin a gwada, kashe mota ake yi, a nemi mai ja.

Ni kuwa, dattijon ya ce in lallaɓa motata kilomita 1,000, ban da gudu, ban da lodi, in dawo juye. Ranar da na koma ya tare tsohon man a faranti, ya fita da shi rana, ya juya da yatsa ya daɗe yana kallo. Babu ƙyalli ko ɗigo. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, a gaida mutanen Zariya. Allah ya kiyaye hanya."