Giɓin da ke jiran mai shi

A Illela, idan yaro ya yi wawulo, dariya muke yi, mu ce ai wani zai fito. Haka ne, amma nakan yi tunanin turmin da ya ruɓe aka cire tun yaro yana shekara 5. Magajinsa ba ya fitowa sai wajen shekara 10 zuwa 12. Kafin nan haƙoran gefe sun karkato sun cushe wurin, sabon ya rasa hanya, ya fito a karkace. Likitocin haƙori kan sa ɗan zoben ƙarfe mai waya ya riƙe giɓin har mai shi ya iso. Iyaye, in hakan ta faru, mu tambayi likita ko yaron na bukatarsa.