Baƙon Ƙwaron Da Na Kama a Gyaɗi-Gyaɗi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka in ba 'yan'uwa labarin wani ƙwaro, wanda tsawonsa bai wuce rubu'in inci ba, amma ya taɓa tukunyar kowane gida a Kano.

Ni akawu ne, gidana yana Gyaɗi-Gyaɗi, kusa da hanyar Zariya. A bayan ɗakina ina da 'yan kunyoyin tumatir da nake yi wa ban-ruwa in na taso daga ofis. A bazarar 2016 sai na ga ganyen ya yi fari-fari, kamar an kankare cikinsa an bar fata. Da na ɗaga shi wajen rana, sai ga 'yar tsutsa kore kwance tsakanin fata da fata, da baƙin zane a bayan kanta, ga kashinta baƙi-baƙi a gefe. Kafin mako biyu kunyoyin sun zama kamar an bi su da wuta.

Ran Asabar na taka zuwa kasuwar Tarauni. Wanda ya san wurin ya san yadda tumatirin Kura da Kadawa ke cika teburori, ja wur. Ran nan kuwa 'yan kashi-kashi ne kawai, ga tsada, mata na ta komawa ga busasshe da na gwangwani. Wani dattijo mai kayan miya ya tsaga mini ɗaya, ya nuna mini ƙaramar huda kusa da hancinsa. Ya ce manoma sun sa wa abin suna Sharon. Na ce, "Baba, ka taɓa ganin uwar tsutsar?" Ya ce shi dai ɓarnarta ya sani.

To, wannan magana ta tsaya mini a rai. Da dare na zuba ruwan sabulu a kwano, na ajiye fitila a kansa. Da safe na tarar da su birjik. Irin malam-buɗe-littafi ne na dare, siriri, launinsa toka-toka mai ɗan ƙyalli, da ɗigon baƙi a fukafukan gaba. Gashin kansa guda biyu dogaye ne, da zobe-zoben baƙi da toka. Da rana yakan ɓuya ƙarƙashin ganye, shi ya sa mai gona ba ya ganinsa. Ba na ɓoye muku, na yi zaton ni na fara gano shi, har na zana shi a littafina ina jin daɗi.

Ashe an riga ni da shekara ɗari ba ɗaya. Wani malamin makaranta na Ingila, Edward Meyrick, shi ya fara siffanta shi a 1917, daga wanda aka kamo a ƙasar Peru. Masana suna kiransa Tuta absoluta. Ya ƙetaro teku zuwa Sifen a 2006, ya bi Afirka ta Arewa, ya shigo Nijeriya wajen 2015. A watan Mayu 2016 Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa, masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa kuma ta dakatar da aiki don rashin kaya. A 2023 ya sake yi wa manoman Kano ɓarna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Mace guda tana iya yin ƙwai fiye da 200, kuma cikin zafi irin namu wata guda ya isa ƙwai ya zama uwa. Tsutsar tana cikin ganye, feshi ba ya samunta sosai. Wadda ta tsira kuwa 'ya'yanta sukan jure maganin. Amma na ga mutane suna ta ninka magani iri ɗaya, suna tsinke tumatirin kashegari su kawo mana kasuwa. Wannan hasarar kuɗi ce, da kasada da lafiyar jama'a.

Malaman makaranta, ku ne kuke da yara 'ya'yan manoma. Ku nuna musu wannan ganye mai fari-fari. A tsinke shi da wuri a ƙone, a binne ruɓaɓɓen tumatir da zurfi, kada a watsar bakin kwata. A duba gautā da dankalin Turawa, don su ma yana cinsu. Kwandunan da ke kai da kawowa tsakanin gona da kasuwa su ma suna ɗaukarsa. Akwai kuma tarko mai ƙanshin macen, wanda ke jawo mazan su faɗa ruwa. A tambayi malamin gona.

Ni dai bana na sake shuka kunya huɗu, kwanon da fitilar kuma suna nan bakin katanga. Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.